Motoci uku a kwarin Kalapanzin: littafin aikin diyoramar yaƙin Bama

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025

Kwalayen nan uku sun iso daga Legas jiya da yamma, saboda haka aiki ya tashi. Akwai tankar yaƙi ƙirar M3 Lee, akwai motar kaya irin wadda kamfanonin Ford da Chevrolet suka riƙa ƙerawa a Kanada domin sojojin Birtaniya, wadda aka fi sani da CMP, sai kuma jif ƙirar Willys. Duka na roba ne, gunduwa-gunduwa, sai an harhaɗa. Ma'auninsu 1:35, wato santimita ɗaya a kan teburina daidai yake da santimita 35 a gaske. Tankar da tsawonta ya haura mita biyar da rabi za ta tsaya a santimita 16, jif kuwa ba ta cika goma ba. Na sa an yanko mini falanki a kasuwar Katako ta nan Jos, santimita 50 a 35. A kansa za a gina diyoramar, wato ƙaramin fagen yaƙi da ƙasarsa da ciyawarsa da mutanensa.

Lokacin da na zaɓa shi ne Disamba 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wurin kuma kwarin Kalapanzin a yankin Arakan na ƙasar Bama, inda yau ake kira jihar Rakhine a Myanmar. Garuruwan Maungdaw da Buthidaung da muke ji a labaran Musulmin Rohingya, nan ne. A wannan wata dakarun Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda birged biyu cikin ukunta na 'yan Najeriya ne, suka gangara kwarin har suka shiga Buthidaung. Wata goma kafin zuwansu, a Fabrairu 1944, an gwabza ƙazamin faɗa a Sinzweya kusa da mashigar Ngakyedauk, inda Japanawa suka yi wa sojojin Runduna ta 7 ta Indiya ƙawanya fiye da mako biyu, sai ta jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi. Tankokin Lee na rundunar 25th Dragoons suna cikin waɗanda suka riƙe wurin.

Ba wani hoto takamaimai nake kwaikwaya ba, tsarin nawa ne: sojojinmu suna wucewa ta gefen abin da faɗan Fabrairu ya bari. Da haka na samu ɓarna iri uku a kan falanki ɗaya. Tanka da igwa ta buga amma ba ta kama wuta ba. Motar kaya da ta ƙone ƙurmus, ta kuma sha damina guda a fili. Sai jif da aka buɗe wa wuta ɗazun nan. In mai kallo bai iya rarrabe tsohuwar ɓarna da sabuwa da idonsa ba sai na yi masa bayani, to aikin bai yi ba.

Mutum zai shekara yana wucewa ta gaban barikin Kalapanzin ko na Dalet a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, bai san daga Bama aka kwaso sunayen ba. Haka Myohaung da Arakan a Legas.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na haɗa gindin tankar da ƙashin motar kayan, amma ban manne bodi ba, domin aikin ɓarna daga ciki ake fara shi. Kafin in ɗauki reza sai da na zauna da biro da takarda.

Bindigar sojan Japan, Arisaka, iri biyu ce: mai cin harsashin milimita 6.5 da mai cin 7.7. Babbar mashingarsu ma 7.7 take ci. In aka raba da 35, hujin zai tashi a kusan milimita 0.2, abin da ido ke gani da ƙyar. Igwarsu ta harbin tanka mai bakin milimita 47 hujinta 1.3 ne, mai bakin 37 kuwa ɗan sama da milimita ɗaya. Yawancin ayyukan da nake gani a intanet, hujin da aka ce na bindiga ne ya kai milimita guda. A girman gaske wannan rami ne na santimita uku da rabi, aikin igwa ke nan, ba na bindigar da ake rataya a kafaɗa ba.

Sai maganar kauri, wadda ta fi wuya. Sulken gefen Lee milimita 38 ne, na gaba 51. A ma'aunina 38 ya koma 1.1, kuma robar da aka zubo tankar da ita kusan haka take, to nan ba matsala. Amma madigadi da bonet da ƙofar mota farantin ƙarfe ne siriri, a kwali kuwa su ma an zubo su da roba mai kaurin milimita guda. Ma'ana jif ɗina sanye take da sulken tanka. Duk hujin da aka yi a irin wannan roba zai tona asirin kansa, don ana hango kaurin bakinsa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Jiya na raka yayana wajen wani fanabita a Farin Gada, na samu damar tsayawa ina kallon yadda ƙarfen mota ke karɓar duka. Dattijo ne, hannunsa duk kanta. Da na nuna masa ɗan madigadin roba a tafin hannuna na gaya masa abin da nake ciki, sai da ya ajiye guduma ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ashe kai lalatawa kake koyo, mu ga shi muna fama da gyara." Duk da haka ya jawo wata ƙofa da aka cire ya nuna mini. Ƙarfe ba ya lotsawa shi kaɗai a tsakiya, in ya shiga nan sai ya taso can, kuma lanƙwasar tana tsayawa ne a inda aka yi masa ƙarfi, wato bakin da aka naɗe ko wurin da aka ɗaure da noti. Fenti kuma a kan layin lanƙwasar yake tsagewa, ba a cikin kwarin lotsawar ba.

Wannan ya raba ni da dabarar da mutane da yawa ke bi, ta kara roba a kan kyandir a danna ta. Roba in ta ji wuta kumbura take yi, bakinta ya dunƙule, ba ta taɓa ba da kaifin lanƙwasar ƙarfe. Abin da na yi shi ne na yanke madigadan motar kayan na zubar, na yi sababbi da gwangwanin lemo. Kaurinsa kusan milimita 0.1 ne. Ana ɗan gasa shi a kan risho har fentinsa ya ƙone, sai ya yi laushi ya daina komawa yadda yake in an tanƙwara. Sai a ɗora shi a kan na robar a bi shi da tsinken sakace har ya ɗauki siffar. Daga nan duk inda aka matsa shi da hantsaki, lanƙwasar gaske yake bayarwa, domin shi ma ƙarfen ne.

Bonet da ƙofofi kuwa kankare su na yi ta ciki da ɗan injin gurza, a hankali, ina ɗagawa ina duba su a hasken taga. In haske ya fara ratsa robar, ta isa. Ana yi ana hutawa, don injin in ya daɗe a wuri ɗaya zafinsa kan narkar da ita.

Allura mai zafi ma ban yarda da ita ba. Hujinta yana fitowa da zobe mai tudu a kewaye, daidai wa daida ta kowane ɓangare. Harsashi ba haka yake yi wa farantin ƙarfe ba. Ta inda ya shiga yana tura bakin ciki ne, hujin ya fita tsaf, fenti ya ɓare a kewayensa. Ta inda ya fita ne ƙarfe ke yagewa ya buɗe waje.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Baba maƙwabcinmu tsohon saje ne, da motocin sulke ya yi aikinsa, ya kuma yi ritaya a nan Jos inda Runduna ta 3 take da mazauni a Rukuba. Ba a haife shi ba lokacin yaƙin Bama, amma ya san abin da ƙarfe ke yi wa ƙarfe. Bayan la'asar ya leƙo ya tarar na ɗiɗɗiga alamun fensir a jikin tankar, wuraren da nake tunanin sa huji. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, sannan ya ce, "Ɗana, mai harbin a ina yake zaune?" Na ce, "Baba, ban kai nan ba tukuna." Ya ce, "To ka fara zaunar da shi. Igwa ba ta zagaya tanka, wuri ɗaya ake kafa ta a ɓoye."

Da daddare na kashe fitila, na ajiye tankar a mazauninta, na kunna tocila a ƙasa-ƙasa daga kusurwar gaba ta hagu, inda na yanke cewa nan igwar take cikin gora. Duk inda haske ya taɓa, harsashi zai iya taɓawa. Inda ke cikin inuwa ba shi da hurumin samun ko ƙwarzane. Alamun fensir da suka tsira ba su da yawa, a cikinsu ma uku na ɗauka.

Na farko ya bugi farantin gaba mai gangara ya zame. Irin wannan ba huji yake bari ba, kwarfa ce doguwa, mai zurfi a inda ya sauka, tana shafewa ta inda ya tashi. Na yi ta da bakin injin gurza mai zagaye, na tara ɗan fila, wato kwaɓin cike rami, a ƙarshenta inda ƙarfen ya turu. Na biyu ya faɗa a ƙafafun hagu ya tsinka kaca. Na uku ya huda gefe, don igwar milimita 47 tana iya cin sulken 38 in ta samu tanka a kusa. Na huda da tsinken milimita 1.3, a karkace, bisa layin hasken tocilar, sannan na yi masa ɗan leɓe da fila, ba a zagaye cif ba, ya fi tudu ta ɓangare ɗaya.

Jikin Lee ba walda aka yi masa ba, faranti ne aka haɗa da ƙusoshin ribit, kuma wannan sanannen aibinta ne: in harsashi ya buga da ƙarfi, ƙusoshin kan tsinke su yi ta tsalle a ciki inda mutane suke. Don haka na aske kawunan wasu ƙusoshi a kusa da bugun farko da na uku, na bar ƙananan ramuka a gurbinsu. Abu ne da sai an sunkuya za a gani, amma ya fi mini huji goma.

Kafin ya tafi Baba ya ƙara abu biyu. Ya ce soja ba ya wuce mota bai duba abin da zai amfane shi ba, saboda haka tankar da ta yi wata goma a yashe ba za a same ta da shebur da gatari da jarka da mashinga a jikinta ba. Duk na cire su, na bar maɗauransu a buɗe, na buɗe ƙofofin. Ya kuma ce tanka dukiya ce, ba a barinta haka kawai, janye ta ake yi. In ina son ta zauna, sai in ba ta dalili. Za ta zame ke nan cikin gaɓar rafi, inda jawo ta ya fi ƙarfin masu ja.

Juma'a, 5 ga Disamba

Kaca kawai. Ta cikin kwalin zube ɗaya ce ta roba mai laushi, ba ta kwanciya yadda tsinkakkiya ke yi, don haka ɗaya bayan ɗaya nake haɗa 'ya'yanta da na saya daban. Tanka in kacarta ta tsinke tana tafiya, takan sauka daga kanta ta bar ta shimfiɗe a baya, ita kuma ta juya ta ɓangaren da ya tsinke. Kacar tankokin Amurka tana da roba a mahaɗanta, shi ya sa bakinta ke ɗan naɗowa sama maimakon ya kwanta. Sanyi ya sauko sosai, yatsu ba sa jin hantsaki da safe. An ɗauke wuta tun azahar.

Lahadi, 14 ga Disamba

Mu mutanen Jos ba sai an kwatanta mana yadda ƙonanniyar mota take ba. Amma gani daban, lura daban, kuma motar 1944 ba irin ta yau ba ce.

Abu na farko a ƙona mota a wannan sana'a shi ne cirewa, ba ƙarawa ba. Duk abin da wuta ke ci sai ya tafi: tamfol, kujeru, katakon da ke jikinta, robar sitiyari, gilashi, wayoyin lantarki, taya. Kujerun na sāke su da siririyar wayar tagulla, ƙashi da sifirin kawai. Sitiyarin na kankare shi har ya koma ɗan zoben ƙarfen da ke cikinsa. Sandunan da ke riƙe tamfol na yi su da wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo, don tana lanƙwasuwa yadda ƙarfen da ya sha zafi ke sunkuyawa da nauyin kansa. Ina cikin tanƙwara ta na tuna cewa kuza ce a cikinta, kuma yaƙin nan ne dai ya sa, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawa suka kwaso dubban mutane aikin tilas a ramukan kuzar Filato har zuwa 1944. Wasu an kai su Bama da bindiga, wasu an kawo su Bukuru da kwano.

Taya ita ce inda ake yawan faɗawa rami. Duk wanda ya ga inda ake babbaka da taya a mahauta ya san tarin wayoyin da take bari. Wannan tayar zamani ce, mai ɗamarar waya a ƙarƙashin gadon bayanta, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946. Tayar lokacin yaƙi da zare aka saƙa cikinta, wuta tana cinye shi. Abin da ke saura zobban waya ne guda biyu na bakin taya, suna rataye a jikin wili. Su na yi da wayar da masu gyaran waya ke haɗa layi da ita, na naɗa ta sau da yawa a jikin biro na zare.

Da taya ta tafi, mota ta sauka a kan wili. Zafi kuma yana kashe ƙarfin sifirin, sai su miƙe, bodi ya zauna a kan aksul. Na yanke sifirin ɗin gaba na sāke manna su a kwance. Yanzu ta durƙusa ta gaba kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya, kuma tun kafin fenti ana ganin wuta ta ci ta.

Na yanke cewa wutar daga tankin mai da inji ta tashi, iska kuma ta tura ta gaba. Don haka kai da bonet sun ƙone tas, rufin kan ya ɗan lotsa ciki, amma can ƙarshen bodi akwai sauran fenti, ƙofar baya ma tana nan. Mota da ta ƙone daidai wa daida daga hanci zuwa wutsiya ba ta gaya wa mai kallo komai.

Lahadi, 21 ga Disamba

Na je gidan tarihi na Jos, ba don kayan Nok ba wannan karon. Tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na je gani, na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. Tsatsar ƙarfe mai kauri ba ruwan lemo ba ce. Duhu gare ta, tsakanin ruwan ƙasa da baƙi, har da ɗan shuɗi-shuɗi a inda hannu ke gogawa. Mai hasken tana fitowa ne a inda ruwa ke kwanciya da inda yake zirara. Siririn faranti shi ne ke yin ja, ya yi ɓawo. Don haka tankar da motar kayan ba za su sha tsatsa iri ɗaya ba.

Ruwan da ake yi a gaɓar Arakan a shekara ya ninka na Jos fiye da sau uku, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Motar da ta sha wannan ba za a same ta da farar toka a ƙasanta ko baƙin hayaƙi a rufinta ba, ruwa ya wanke su tuntuni. Na so in zuba tokar nan don tana da kyau a hoto, amma ba wurinta ba ne. Kunkunniya ta saura ne kawai a inda ruwa bai kai ba: cikin kai, ƙarƙashin madigadi, ƙasan bodi.

Tsarin fentin motar kayan: shimfiɗa ta farko ruwan ƙasa mai duhu, sai na bi da gutsuren soson katifa ina ɗiɗɗiga ja-ja da ruwan lemo, kaɗan-kaɗan. Da ya bushe na rufe da banish. A bayan motar na fesa man feshin gashi na uwargida, wadda ta ba ni da sharaɗin in sayo wani, sannan na ɗora koren fentin akirilik a kai. In aka jiƙa buroshi mai tauri aka goga, ruwa yana narkar da man da ke ƙasa, koren ya ɓare ɓarɓashi-ɓarɓashi, tsatsa ta bayyana. Tsakanin ƙonannen wuri da mai fenti na bar mataki-mataki: tsatsa zalla, baƙi, koren da ya koma ruwan ƙasa ya yi ƙuraje, sannan kore. Ƙurajen da gishiri na yi su, a barbaɗa a kan danshi, a fesa fenti, a kakkaɓe.

Hunturu abokin gabar wannan aiki ne. Iska ta bushe har fenti kan bushe a hanya kafin ya sauka, ya bar jikin mota da yashi-yashi. Robar kuma tana jawo ƙura da kanta. Yanzu sai da asuba nake feshi, bayan na yayyafa ruwa a ɗakin, da na gama in kifa bokiti a kai.

Asabar, 27 ga Disamba

Jif. Wannan ita ce sabuwar ɓarna, kuma ita ta fi bukatar a danne zuciya.

Tankin man Willys yana ƙarƙashin kujerar direba ne, ta hagu. Tunda ba na son ta kama wuta, mai harbin daga dama ta gaba yake. Tocila ta sāke yin aikinta. Mashinga in ta saki wuta bakinta tashi yake yi, saboda haka hujojin suna hawa ne a karkace: daga tayar gaba, zuwa madigadi, gefen bonet, sannan gilashi. Ban jera su da tazara ɗaya ba. Guda shida ne a bodi, biyu a gilashi. Da allurar insulin na huda, kaurinta kusan milimita 0.3, ya ɗan fi lissafi, amma abin da ya gaza haka fenti zai toshe shi. Waɗanda suka shiga ta dama na bi layinsu na fitar da biyu ta saman bonet, na yaga bakinsu waje da tsinin reza. Sauran kuwa, injin ne ya tare su.

Gilashin gaban jif mai falle biyu ne da roba a tsakani, ba ya zubewa, tsagewa yake yi ya tsaya. Na yanko sabo daga farar robar kwalin riga, na huda, na ja tsaga da reza daga hujin zuwa waje, wasu dogaye wasu gajeru, sannan na ɗan gurje kewayen hujin ya yi fari.

Tayar da ta sace na goge ƙasanta da samfefa har wili ya kusa taɓa ƙasa, na cika gefenta da fila ya bazu. Dole jif ɗin ta karkata ta wannan kusurwa, tayar baya ta hagu ta ɗan yi sauƙi. Bakin kowane huji na taɓa shi da fensir ya yi ƙyallin sabon ƙarfe. Ko ɗigon tsatsa babu. Jini ma ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Direban zai kasance a tsugune a bayan tayar hagu da bindigarsa.

Lahadi, 4 ga Janairu 2026

Ƙasa. Na gina gaɓar rafin da farin soso na kwalin firij, na shafe da hodar POP da farin gam na kafintoci. Jar ƙasarmu ta Jos ba ta dace ba, kwarin Kalapanzin ƙasar shinkafa ce, don haka na ɗebo laka daga bakin rafi, na shanya, na daka, na tankaɗe da rariya, na gauraya da ɗan toka. Tun tana da danshi na danna tankar da motar kayan a ciki, domin abin da ya yi damina a wuri nutsewa yake yi. Laka ta kai wa motar kayan har aksul, ta rufe rabin kacar da ke shimfiɗe. Jif kuwa a kan ƙasa take, da sawun tayarta a baya, jikinta ƙura ce, don Disamba rani ne a can.

Sai yau na ja zirarar tsatsa a jikin tankar, da gangan na jinkirta. Tunda a karkace take cikin gaɓa, ruwan da ya zubo daga hujin da ramukan ƙusoshi ƙasa zai nufa, ba zai bi layin jikinta ba. Na rataya noti a zare a gefenta ina bin saitinsa da fentin mai da buroshi mai ɗan tina.

Ciyawa da zaren buhun algarara na yi ta, gora kuma da tsinken tsintsiya, ina ɗiga gam a inda gaɓoɓi suke. Wasu ciyayin sun fito ta cikin wilin motar kayan, wata yaɗuwa da na yi da busasshiyar saiwa ta hau sandunan tamfol ta leƙa cikin kai.

Asabar, 10 ga Janairu

Saura mutane, kuma su ne suka tsaya mini. Sojojin roba na Bama da ake sayarwa fuskokin Turawa gare su. Kaki da malafa da bindigar Lee-Enfield duk sun yi daidai, kawunan ne sai an sāke. Kan mutum a wannan ma'auni bai kai milimita bakwai ba, ina gyara hanci da leɓe da fila a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Launin fata ba da baƙin fenti ake yinsa ba, fuska takan mutu. Ruwan ƙasa mai ja-ja ne a ƙasa, a haska goshi da kumatu da karan hanci.

Biyu daga cikinsu 'yan dako ne da akwatin harsashi a ka da adda a ƙugu, domin rundunonin Afirka ta Yamma sun shiga inda mota ba ta shiga ne da ƙarfin waɗannan mutanen. Tambarin Runduna ta 82 ma abin da ya nuna ke nan: māsu biyu a gicciye cikin gammo. Na Runduna ta 81, da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Babu tambarin gammon a cikin kwalin jif, da hannu zan zana shi a kan abin da bai fi milimita huɗu ba.

Baba ya leƙo ɗazu, ya daɗe a sunkuye a kan tankar yana bin layin bugun da yatsa ba tare da ya taɓa ba, har ya kai cikin gorar da igwar take. Ya ce, "Yanzu na ga inda yake zaune." Sannan ya ce igiyar malafar sajen da ke cikin sojojin robar ta yi kauri, in rage ta.

Ruwan lagireto da zai zubo ƙarƙashin jif sai an gama fesa banish mara ƙyalli a kan komai, in ba haka ba zai dushe. Ranar Litinin zan kai awon falankin wajen masu aikin gilashi su haɗa mini murfi, don ƙura ta riga ta fara kwanciya a kan bonet.